Sabulun Salo a Jikin Motar Yaya

Na gode wa Allah da ya ja kwanana har na ga furfura a gemun 'ya'yana. A tsawon wannan zama an yi mini abubuwa da yawa, ni ma na yi wa mutane, galibi na yafe, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai abu guda da har yau in ya faɗo mini a rai sai na ajiye alƙalami na tashi na sake alwala, domin malamanmu sun ce ruwa yana kashe wutar fushi. Maganar wankin mota ce. Na san wanda ya ji zai yi dariya. To, dariyar nan ita ce rabin abin da yake ƙona mini rai.

A shekarun da kuɗin fetur ya fara malalowa har ƙauyuka, muna zaune a Kwandiko, ta ƙasar Gwaram. Ni da wana uwa ɗaya uba ɗaya muke, katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Shi fataucin hatsi yake yi, yana tara gero da dawa da gyaɗa daga kasuwanninmu yana kaiwa Kano, Allah kuma ya buɗa masa. Ni kuwa ban iya ciniki ba, noman ma na rufin asiri nake yi. Abin da nake da shi biyu ne: karatun da na yi a gaban malamai, da yardar mutane. Ni nake rubuta wa jama'a wasiƙa da ajami, ni nake karanta musu in amsa ta zo. Mai tafiya ya kawo mini mabuɗin rumbunsa, tsohuwa ta kawo ƙullin awarwaronta, wanda ya sayi gona ya kawo takardar shaida in ajiye. A ɗakin karatuna akwai wani akwatin ƙarfe wanda babu ko allura tawa a ciki. Kuma ina da ƙa'ida guda da kowa ya sani: abin da aka ba ni a ƙulle, a ƙulle nake mayar da shi, ba na kwancewa, ba na leƙawa. Da wannan aka san ni. In ka cire mini shi, sai ka tarar da wani mutum mai gona ɗaya da jaki.

Sai Yaya ya sayi mota. Ba a-kori-kurar ɗaukar buhu ba, wannan yana da ita tuntuni. Ƙaramar mota ce ta shiga, shuɗiya mai duhu, tana ƙyalli kamar rawanin da ya sha baba ya sha bugu. Ranar da aka kawo ta har daga Zandam mutane suka zo kallo. Mutum yakan tsaya a gefenta ya ga fuskarsa, ya gyara zaman hula.

Mai tuƙa masa ita ɗan kawunmu ne, wato taubashinmu. Ya yi shekaru a tashar Kano, ya fara da karen mota har ya zama direba, ya san mota ciki da bai. Kowa ya san yadda ake da taubashi: wasa ne tsakaninku daga haihuwa har kabari, ya zage ka ka rama, ya ƙwace maka hula ka fanshe ta, kuma wanda ya fara yin fushi shi ne abin dariya. Da Yaya yana ɗan taka burki, tunda a ƙarƙashinsa yake ci. Ni kuwa ba ya raga mini. Malam-ba-ka-noma yake ce mini, ni kuma ina ce masa Ɗan-tasha.

A shekarar aikin Hajji ya faɗo a ƙarshen damina, gero ya nuna ana shirin girbi. Yaya ya biya kujera. Ranar da zai tashi mutane sun cika ƙofar gida ana bankwana, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin motar. Direban har ya ɗan matso. Yaya ya wuce shi da hannu ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam, amana ce. Ba za ta je ko'ina ba sai na dawo. Yadda na bar ta haka nake so in same ta."

Na ce, "Da yardar Allah, Yaya."

Direban ya yi dariya ya ce, "To, Allah ya kyauta. Yau an ba makaho ajiyar madubi."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ban lura da cewa dariyarsa a haƙora ta tsaya ba. Shekara guda yana tashi da asuba yana kai motar nan bakin rafi yana wanke ta, ya dawo da ita kafin in sallami masu ɗaukar karatu, kuma ga shi a gaban jama'a an nuna ba a yarda da shi ba. Wannan na gane daga baya. Kuma ko da na gane, ban ga ya isa hujjar abin da ya yi mini ba.

Yaya ya bar motar a fili, a ƙofar gidansa. Kwana uku ina wucewa ina ganin rana tana dukanta. Na taɓa jikinta da azahar sai da na janye hannu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ko jaki bai taɓa bari a rana ba, yakan ce abin da yake ɗaukarka yana da haƙƙi a kanka. Sai na ga ai riƙon amana ba zuba ido ba ne kawai. Na kira maza huɗu, ƙofar dama ba a kulle take ba, na ce direban ya shiga ya riƙe sitiyari, muka tura ta ƙarƙashin cediyar da take gefen masallaci, taku kaɗan daga inda take. Da ya fito sai ya ɗaga kai ya dubi saman bishiyar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Inuwa mai kyau, Malam. Saura ka zuba mata harawa."

A cediyar nan balbelu suke kwana. Ni na sani, kowa ya sani, amma ban san kashin tsuntsu yana cin fenti ba. A ina zan sani? A wane littafi? Shi ya sani, ya ɗaga kai ya gani da idonsa, ya yi shiru.

Girbi ya ɗauke mini hankali. Da na waiwayi motar bayan mako biyu, sai na tarar kamar an yayyafa mata farar ƙasa tun daga rufi har murfin inji, ga kuma ƙaron bishiya ya ɗiga ya daskare. Na ɗebo ruwa a buta na zuba, na goga da hannu, ko gezau. Rediyo kuma ta fara maganar dawowar alhazai.

Na sami direban a majalisa yana cin rake. Na ce masa ya raka ni Birnin Kudu ranar kasuwa mu sayo abin wanke mota, tunda shi ya san kan abin. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce ban sani ba, ina neman ya koya mini. Ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Yau ga malami a gaban ɗan tasha. Mu je mana."

Muka shiga motar haya. A bakin tashar Birnin Kudu akwai wani mai shagon kayan mota, Bakano ne mai fara'a. Na gaya masa abin da ya faru. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, gaskiya ya gaya mini. Ya ɗauko abu uku ya jera a kan tebur: kwalba mai wani koren ruwa mai kauri, da wata fata mai laushi ruwan ɗorawa, da wani faffaɗan gwangwani.

Ya ce, "Malam, wannan sabulun mota ne, cikin murfi ɗaya ya ishi bokiti. Ka jiƙa tsumma ka ɗora a kan kashin tsuntsun, ka ba shi lokaci ya yi laushi da kansa, kada ka kankare. Wannan fatar da ita ake tsane ruwa. Man nan na gwangwani kuma in ta bushe a shafa kaɗan a goge, a inuwa, ba a rana ba."

Na buɗe kwalbar na shinshina. Ƙamshi ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai kaifi irin wanda ake ji a ɗakin allura a asibiti. Na ce, "Babu barasa a cikin nan?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam. Turanci ne a jiki, ni ma ba duka nake ji ba."

Na ɗauki fatar. "Wannan fa, fatar mece ce?"

"Daga Turai take zuwa. Wasu sun ce ta tunkiya ce, wasu sun ce ta barewa."

Direban ya sa baki ya ce, "Tambaye shi, Malam, ko wanda ya yanka ta ya fuskanci alƙibla."

Na buɗe gwangwanin, na ga wani abu fari mai maiƙo kamar kitsen da ya sandare. Mun sha jin cewa Turawa suna sa kitsen alade a irin waɗannan abubuwa. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, mai shagon ma bai sani ba. Ni abin da yake gabana shi ne mutum zai dawo daga ɗakin Allah da fararen tufafi, zai jingina da motar nan, jama'a za su shafa ta su shafa fuska, wani ya wuce masallaci da hannun. In shafe ta da barasa da fatar mushe da kitsen da ban san asalinsa ba? Wanda zai yi mini dariya a kan wannan ya yi. Ban ji kunyar tsoron najasa ba, har yau kuma ba na ji. Abin da nake buƙata a wurin nan mutum ɗaya ne da zai ce mini, Malam, in kana shakkar waɗannan, ruwa zalla da tsumma mai laushi da haƙuri sun ishe ka. Kuma mutumin yana tsaye a gefena.

Na ja shi waje, bayan shagon. Na ce, "Ɗan kawu, mu ajiye wasa. Na haɗa ka da Allah, in ban sayi waɗannan ba, da me zan wanke ta?"

Ya ce, "Ɗan kasuwa ne fa, kayansa yake talla. Ka taɓa ganin ƙarfen da ya fi ƙarfin toka?"

Na ce, "Don Allah, ba za ta lalace ba?"

Ya ce, "Tukunyar gidanku ta lalace?"

Na sake cewa, "Don Allah ka gaya mini gaskiya, amanar Yaya ce."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Mu a tasha da abin da ya samu muke wankewa. Abin da ka zaɓa ya yi."

Sau uku na tambaye shi, da sunan Allah a bakina. Ko alƙali sau uku yake tambaya.

Na koma na ba mai shagon haƙuri. Ya ce, "Malam, ko ba ka saya a wurina ba, kada ka sa mata abu mai kaushi." Direban ya ja hannun rigata yana cewa rana tana yi. Muka shiga cikin kasuwa. Na zaɓi sabulun salo mai kyau, baƙi, irin wanda na san yadda ake dafa shi tun daga toka har mai, babu shakka a cikinsa. Na sayi soso sabo. Na sayi kanwa, saboda ita ke yanke maiƙo. Da muka zo wurin masu kayan koli sai na ga soson waya na wanke tukunya, na tsaya ina juya shi a hannu. Na dubi direban. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa. Wannan ko kashin giwa ne zai fitar."

Kashegari bayan sallar azahar na sa aka turo motar fili, don in ga abin da nake yi da kyau. Rana tsaka, ƙarfe ya yi zafi. Na tuɓe babbar riga, na naɗe wando, na jiƙa kanwa a ƙwarya, na tankaɗe toka. Na yi Bismillah na fara daga rufi. Inda kashin ya ƙi fita da soso sai in ɗora toka in bi da waya, ina murzawa a zagaye kamar yadda mata suke yi wa gindin tukunya. Yana fita kuwa. Na ga kumfar tana yin shuɗi-shuɗi, na ɗauka datti ne yake fita.

Direban ya jawo benci ya zauna a inuwar zaure, da ƙullin gyaɗa a cinya. Daga azahar har la'asar yana zaune yana kallona.

"Sannu da aiki, Malam. Ga wani can a kan ƙofa, ka bar shi."

"Ƙara matsa hannu, ai ba ƙwai ba ce."

"Kai, da Yaya zai gan ka da ya ƙara maka da a-kori-kurar."

Ina gumi ina yi masa godiya. Wannan ita ce take tsaya mini a wuya. Ina ce masa madalla, ɗan kawu.

Da na sheƙa mata ruwan ɗauraya sai ta fito tas, tana ɗaukar ido. Na yi hamdala na tafi sallar la'asar. Da na fito daga masallaci ta bushe. Na tsaya. Shuɗin nan mai zurfi ya tafi, ya koma fari-fari kamar jikin mai ƙyasbi, kuma duk inda na bi da waya ga zane nan a zagaye, ɗaruruwa, wani kan wani. A kan murfin inji, inda na fi dagewa, har wani toka-tokan fenti na ƙasa ya leƙo. Na matsa na duba ko zan ga fuskata, ban ga komai ba. Na waiwaya wajen zaure, benci ne kawai da ɓawon gyaɗa.

Mutum in ya ruɗe sai ya ƙara wa kansa. Na lura in na shafa ruwa launin yana dawowa, in ya bushe ya tafi. Sai na ce abin da ba ya bushewa ake so. Na shiga gida na ce wa mai ɗakina ta ba ni man gyaɗa. Ta tambaye ni na mene ne, na ce ba ruwanta. Na shafe motar da shi kaf, ta yi ƙyalli, har na ɗan sami numfashi. Lokacin kuwa mata suna sussuka da shiƙa a bayan kowane gida. Kafin azahar ɗin kashegari ƙaiƙayi ya manne mata ko'ina, ta zama kamar ƙuli-ƙulin da ya faɗi a turɓaya. Kiyashi suka yi layi daga taya har rufi. Awaki suka zo suna lasa. Rana ta dafa man, wari ya tashi.

Mai ɗakina ta leƙo daga soro ta gani. Da na shigo ta ce, "Malam, da me ka wanke ta?"

Na gaya mata.

Ta riƙe baki ta ce, "Waya? Ai ni ko langar jerena ba na sa mata waya, fentin zai tashi. Me ya hana ka tambaye ni?"

Na tsallake mace mai hankali a cikin gidana, na tafi har Birnin Kudu da wanda yake jiran ya ga faɗuwata.

Na sami direban da yamma a majalisa, dattawa suna zaune. Ban yi sallama da kyau ba, Allah ya yafe mini. Na ce, "Ka san za ta lalace."

Ya buɗe hannu ya ce, "Ni? Ni ɗan tasha me na sani? Ai mabuɗi a hannun masu ilimi yake."

Na ce, "Na haɗa ka da Allah sau uku!"

Ya ce, "Jama'a, ku ji mini Malam-ba-ka-noma. Wasa fa muke yi. Yau kuma taubashi ya zama abokin gaba?"

Aka fashe da dariya. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce, "Haba Malam, kai da kake yi wa mutane wa'azi. Ɗan kawunka ne, ba a fushi da abokin wasa." Wani ya ce in ba direban goro ma, tunda ya ci ni. Na tsaya a tsakiyarsu, kuma babu wurin da zan ajiye fushin. Da bare ne da na kai shi gaban mai gari. Da ƙanena ne da na mare shi. Amma taubashi ne, al'ada ta yi masa katanga, ya shige bayanta ya zauna. Na san wasan taubasai, da shi na tashi. Ana ɓoye maka takalmi, ana zuba maka barkono a fura. Ban taɓa jin inda aka ce wasan ya haɗa da a tambaye ka da sunan Allah ka yi ƙarya ba. Wanda aka tambaya abin da ya sani ya ɓoye, mun karanta abin da aka tanadar masa, kuma ba a ce ban da taubashi ba.

Kwanakin da suka rage na yi su ina wanke man da ruwan ɗumi da tsumma, a hankali, yadda mai shagon ya faɗa tun farko. Man ya fita. Zanen bai fita ba.

Yaya ya dawo ranar wata Alhamis da hantsi, a motar haya daga Kano, mutane suna ta murna, mata suna guɗa daga cikin gida. Ya fito da farar jallabiya, ana Alhaji, Alhaji, ana rungumarsa. Sai idonsa ya sauka a kan motar. Na ga murmushin ya tsaya. Ya raba jama'a ya nufe ta, ya zagaya ta sau ɗaya a hankali, ya sa yatsa ya bi zanen da yake kan murfin inji.

Ban jira ya tambaya ba. Na ce, "Yaya, ni ne. Ni na sa aka kai ta ƙarƙashin cediya, ni na wanke ta da toka da waya. Ban sani ba."

Ya ce, "Na ce maka a motsa ta?"

Na ce, "A'a."

Ya juya wajen direban ya ce, "Kai kana ina?"

Ya durƙusa ya ce, "Ina nan, Alhaji. Amma ba ni aka ba amana ba, ban isa in sa baki a aikin Malam ba."

Na buɗe baki zan faɗi abin da ya faru a bayan shago, sai na ga fuskokin mutane, wasu har sun fara danne dariya. In na faɗa, malami ne yake kai ƙarar abokin wasansa ranar dawowar alhaji. Na haɗiye.

Yaya ya miƙo hannu, na sa masa mabuɗin. Ya zagaya baya ya buɗe but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar. A ciki, a wani kwali, ga kwalbar koren sabulu rabi, ga fatar nan ruwan ɗorawa a naɗe, ga faffaɗan gwangwani, irin waɗanda mai shagon ya jera mini sak. Da su direban yake wanke ta kullum a bakin rafi. Kwana arba'in suna nan, mabuɗinsu yana aljihuna.

Yaya ya ce, "Ko buɗewa ba ka yi ba?"

Na ce, "Ba na buɗe abin da aka ba ni a rufe."

Ya dube ni ya ce, "Ka ƙi buɗe ta, amma ka feɗe ta." Ya rufe but ɗin, ya jefa wa direban mabuɗin ya ce gobe a kai ta Kano a sake fenti. Ya shige gida. Da yamma aka aiko mini da tsarabata, casbaha da dabino da ruwan Zamzam, daidai da ta kowa.

An sake fentin, amma ba a sami irin shuɗin ba, wani ne mai haske kamar na bokiti. Duk wanda ya gan ta sai ya tambayi dalili, duk wanda ya tambaya sai an ba shi labari, kuma direban ne mai bayarwa, har da kwaikwayon yadda nake murza waya. Labarin ya je Gwaram, ya je Birnin Kudu. Babu wanda ya ce na ci amana, kowa ya san ban ci ba. Abin da ake cewa ya fi wannan ciwo: Malam mutumin kirki ne, amma kada ka bar masa abin da zai iya gyarawa. Kafin shekara ta zagayo, wata tsohuwa ta zo ta karɓi ƙullinta, ta ce jikarta ce za ta yi aure, alhali na san jikar ba ta kai ba. Masu tafiya suka riƙa zuwa neman addu'a, mabuɗin rumbu kuwa su bar wa wani.

Yaya bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan damina ta gaba tafiya ta kama shi zuwa Ikko, zai yi wata biyu. Ya shigo ɗakin karatuna da safe ya zauna a kan buzu, muka gaisa, ya ce ya zo sallama, in sa shi a addu'a. Ina ɗaga hannu ina satar kallon aljihunsa. Muka shafa. Ya miƙe, ya ce in riƙa leƙa iyali, ya sa takalmi ya fita. Ta ƙofa na hango direban a jingine da motar yana jiransa, ya ɗago mini hannu ya ce, "Malam-ba-ka-noma, a yi mana addu'a!" Na ce Allah ya kiyaye hanya, domin Yaya yana cikin motar.